Sayen na'urar gem da araha daga ƙauye: kowa ya faɗi yadda ta kaya masa

Manomi, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayar da riɗina na bana, na ware wani abu ina son buɗe ɗan gidan gem a shagon da ke jikin gidanmu. Yaran garinmu sai sun hau mashin zuwa Ringim kafin su buga ƙwallo a talabijin, kuɗin mashin ya fi na wasan. Ina da sola, fanel biyu da batir ɗaya, da ita nake cajin wayoyi. Na taya na'urar gem a wuri uku, kowa da kuɗin da yake yankawa. Don Allah wanda ya taɓa saye ya faɗa min inda ya saya da abin da ya biyo baya.

Mai gidan gem, Gumel

Wa alaikumus salam ƙanena. Shekarata takwas a wannan sana'a, kuma kafin ka tambayi kuɗin na'ura, ka tambayi wutar da za ta ci.

Da PS2 na fara, wato na'urar PlayStation 2, siririya. Da na ga ciniki ya buɗe sai wani dillali ya kawo min PS3 mai ƙiba, irin ta farko da ta fito a 2006, a kuɗin da bai kai kashi biyu cikin uku na wanda ake sayar da siririya ba. Ya kunna ta a gabana, hoto ya fito tas, na biya har da la'ada. A watan Afrilu ne, ka san zafin Gumel. Kwana goma sha biyu ta yi. Ranar na sha uku yara biyu na tsakiyar wasa ta yi ƙara sau uku, wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta haska, ta mutu. Da mai gyara ya buɗe sai ya nuna min inda aka taɓa gasa allon cikinta da iska mai zafi don ta farfaɗo na ɗan lokaci. Dillalin kuwa ya ce ai lafiya lau ya ba ni. Ga kuma man fetur da ta sha min, don mai ƙibar tana jan wuta kusan ninkin siririyar. Araha ba ta ado, ni na gani.

Tun daga nan ba na sayen na'ura sai na zauna a shagon mai ita na buga wasa na sa'a guda cur. Ina sa tafin hannuna a bayanta in ji iskar da take fitarwa. Ina sauraron fanka, in ta fara kuka kamar injin niƙa na haƙura. Ina kuma duba 'yar takardar nan da ake liƙawa a kan noti, in ta yage an taɓa buɗe ta. Mai kayan da ya ƙi yarda ka gwada, ka yi masa sallama.

Ɗalibi, Dutse

Yaya, in kana da wanda ka sani a jami'a, nemi na hannu a wurin ɗalibai. Ƙarshen zangon karatu, musamman masu gamawa, da yawa ba sa son ɗaukar kaya zuwa gida, ga neman kuɗin mota. Ni haka na sami PS4 ɗina, da fad biyu, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga wasa, da faifai uku, duk a kuɗin da shago ke sayar da na'urar tsurarta. Amma na ce sai ya nuna min rasit, muka kuma rubuta takardar ciniki da shaidu biyu. Kayan sata na yawo, kada a zo har ƙauye a ɗauke ka.

Mai gyaran rediyo da talabijin, Wudil

Malam, ni a teburina gawarwakin suke ƙarewa, bari in faɗa maka abin da ke kashe su.

Ka juya na'urar ka karanta rubutun da ke bayanta. Wutarmu 220 zuwa 240 ce. PS2 mai ƙiba da aka kawo daga Amurka ko Japan ta 100 zuwa 120 ce, haka ma babbar cajar na'urar Xbox 360 ta can. Ka jona kai tsaye, ƙauri kawai za ka ji. Wani yaro ya kawo min irin wannan ranar Juma'ar kasuwa, a cikin buhu, ko minti ɗaya ba ta yi a gidansu ba. Na tambaye shi me mai kayan ya ce, ya ce ya ce masa tokumbo ce mai kyau. Mai kyau ce kuwa, ba a faɗa masa tana buƙatar taransifoma mai rage wuta ba.

Sai tsohuwar talabijin. Mu tsarin PAL muke, Amurka da Japan NTSC, shi ya sa wani lokaci hoto ke fitowa fari da baƙi. Sannan fad. Na jabu sun cika kasuwa, ba su da nauyi a hannu, wata biyu sandar ta fara ja gefe ɗaya da kanta. A gidan gem fad ne ke cin kuɗi, gara ka sayi na asali ko da tsoho ne. In hunturu ya shigo ka riƙa rufe na'urar da ƙyalle bayan ta huce, ƙura ke toshe mata numfashi.

Malamar firamare, Kazaure

Ɗana, tawa gajeriya ce. Na ga talla a Facebook, hoto mai kyau, kuɗi ƙasa da na ko'ina, wai daga Legas za a sa min a mota. Na yi wa yarana alkawari in sun ci jarrabawa. Na tura rabin kuɗi kafin alƙalami. Washegari lambar ta daina shiga. Kuɗin adashina ne na wata huɗu, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Cinikin biri a sama na yi. Daga baya ƙanen mijina ya je Kano ya gani da idonsa ya sayo.

Mai shagon caji da tura finafinai, Haɗejia

Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Ni kan wasannin zan yi magana.

Wasan ƙwallo duk shekara yake fitowa, wajen ƙarshen Satumba, kuma da sabo ya fito faifan bara ke karyewa. Nan ne lokacin saye. Ka sani kuma FIFA 23 ne na ƙarshe da wannan suna, daga 2023 ya koma FC 24. PES kuwa, wani wasan ƙwallon, ya zama eFootball tun 2021, kyauta ake sauke shi, amma datar da zai ci da sabis ɗin ƙauye za su sa ka gane ba kyauta ba ne.

Saye ta intanet yana da wahalarsa. Shagon PlayStation ba shi da Najeriya a jerin ƙasashensa, sai dai ka buɗe asusu da sunan Amurka ko Ingila, ka sayi katin kuɗi na ƙasar da ka zaɓa, na wata ƙasar ba zai shiga ba. Suna yin ragi sosai a ƙarshen Nuwamba, amma tun da dala ta tashi a tsakiyar 2023 ragin ma da nauyi. Kada ka yarda da masu cewa za su sa maka asusunsu cike da wasanni da araha. Na yi sau ɗaya, wata guda mai asusun ya canza lambar sirri, wasannin duka suka kulle. Faifai kuwa naka ne, in ka gaji ka yi musaya da wani.

Ɗalibi, Dutse

Shi ya sa nake ganin ya daure ya sayi PS4. A PS2 an tsaya a FIFA 14, a PS3 an tsaya a FIFA 19. Yaran yanzu 'yan wasan da suke gani a gidan kallo suke nema.

Mai gidan gem, Gumel

Ƙanena, batir ɗaya gare shi. PS4 da babbar talabijin za su shanye shi kafin isha'i. Kuma yaron ƙauye abin da ke aljihunsa bai canza ba don ka sayi na'ura mai tsada. Akwai masu loda wasannin da aka sabunta sunayen 'yan wasa a kan tsofaffin na'urori, yarana ba su taɓa ƙorafi ba. Ya fara da abin da solarsa za ta ɗauka. Kada dai ya bari sai azumi ya raba, dab da salla kowa na nema, farashi hawa yake.

Manomi, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na shiga Kano da ɗan yayata mai gyaran waya. Mun zaga Farm Centre da titin Beirut, muka ƙare a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari. Na yi yadda Yayana na Gumel ya ce. PS3 siririya ta farko da aka ba mu, a minti na arba'in ta ɗauke da kanta, mai shagon ya mayar da ita ƙarƙashin kanta bai ce uffan ba. Ta biyu ta yi sa'a ɗaya da kwata, iskarta ɗumi kawai. Na taya ya ce albarka har sau uku, da muka kama hanyar fita ya kira mu ya sallama, ya ƙara min wayar HDMI ta haɗawa da talabijin, ya rubuta a rasit cewa in ta ba da matsala cikin mako biyu in dawo da ita. Canjin da ya rage na sayi PS2 siririya da fad biyu na asali, bayan na karanta bayan cajarta kamar yadda Malam na Wudil ya ce.

Yau da la'asar na kunna, yara sha ɗaya a kan tabarma suna jiran layi. Malam na Wudil, inbata tawa tana ƙara in na haɗa talabijin biyu lokaci guda. Batirin ne ya yi kaɗan ko ita ce?