Lensin Sweet 35: idon mutum ya ƙi fitowa tar idan na karkata shi

Assalamu alaikum, iyayen gidana a harkar ɗaukar hoto. Wata matsala ce ta sha mini kai, mako uku ke nan.

Na sayi lensin Lensbaby Composer Pro na hannu, mai ɗauke da gilashin Sweet 35, na ɗaura a kan kyamarata Canon 600D. Aikinsa shi ne ya bar wuri ɗaya ya fito tar, sauran hoton ya yi dishi-dishi, kana karkata kansa wurin yana matsawa. Fokas, wato saita abin da zai fito tar, da hannu ake yi, lensin ba ya magana da kyamara ko kaɗan.

Idan na bar shi a miƙe, lafiya lau. Amma da na karkata shi don in kai wurin kan fuskar da ke gefe, sai in ga kunne ko ɗankwali ya fito tar, ido kuwa ya narke. A f/2.5, wato idan na buɗe ƙofar hasken lensin gaba ɗaya, abin ya fi muni. Idan na rage buɗewar zuwa f/5.6 ina samun idon, sai dai laushin da na sayi lensin dominsa ya ragu sosai. Na san sensar 600D, wato abin da ke kama hoton a cikin kyamarar, ƙarama ce, tana yanke gefen da dishi-dishin ya fi yawa.

Na gwada duba allo in zuƙo sau 10, yana taimakawa, amma ƙanwata da nake gwaji da ita ta gaji da tsayuwa, balle amarya ranar kamu.

Don Allah, karkatawa ake fara yi ko fokas? Kuma wace buɗewa kuke tsayawa a kai idan mutum yana motsi?