Akwatin gawar da ke Istanbul: na Girkawa ne ko na mutanen Sidon?

Sadiya_K:
Assalamu alaikum. A gidan adana kayan tarihi na Istanbul akwai wani ƙaton akwatin gawa na farin marmara da ake kira na Iskandari (Alexander the Great), a jikinsa akwai mahayan dawakai suna gwabzawa da Farisawa. Amma an rubuta cewa a Sidon aka tono shi, cikin Labanon ta yau. Me ya kai aikin Girkawa maƙabartar Finikiyawa, wato mutanen Sidon da kewayenta na dā? Kuma wai Iskandarin ne a ciki?

Malam Bala:
Wa alaikumus salam. Ba shi ba ne, 'yar'uwa, a Masar aka binne Iskandari. Siffarsa da aka sassaƙa bisa doki ce ta jawo sunan. Galibin masana na ganin akwatin na Abdalonimus ne, wanda Iskandari ya ɗora a sarautar Sidon bayan yaƙin Issus na shekarar 333 kafin haihuwar Annabi Isa. Osman Hamdi Bey, masanin kayan tarihi na Istanbul, shi ne ya tono akwatin a 1887, lokacin ƙasar na hannun Daular Usmaniyya, shi ya sa ya ƙare a Istanbul.

Kafin Girkawa ma, Masar sarakunan Sidon ke kallo. Akwatin Sarki Tabnit na Sidon, na baƙin dutse, asalinsa na wani kwamandan Masar ne. Suka bar rubutun mai shi, suka ƙara nasu suna gargaɗin kada a buɗe, ba azurfa ba zinariya a ciki. Daga baya aka shiga yayin farin marmara daga tsibiran Girka: gangar akwatin kamar gawar Masar a nannaɗe, fuska da gashi kuwa irin na gumakan Girkawa. Har a Kadis ta Sifaniya an sami irinsu guda 2.

Abba_Tarihi:
Wato dai 'yan kwaikwayo ne. Fatake masu kuɗi, ba su da nasu.

Malam Bala:
A'a, Abba, ka yi gaggawa. Dubi akwatin Ahiram, sarkin Biblos (wani birnin Finikiyawa a Labanon), wanda aka gano a 1923, yana Beirut yanzu. Ya girmi waɗannan da ɗaruruwan shekaru, kuma a jikinsa akwai mata masu makoki, wasu hannu a ka. Sai ka dawo Istanbul ka ga Akwatin Mata Masu Kuka, shi ma na Sidon: mata 18 tsaye tsakanin ginshiƙai irin na haikalin Girkawa. Lulluɓin da ginshiƙan na Girka ne, ban musa ba, amma a ganina makokin tsohon abin gida ne. Su kansu Girkawan Atina a wancan zamanin, dutsen shaida suka fi kafawa bisa kabari, ba irin waɗannan manyan akwatuna ba. Sarkin da ya biya kuɗin aikin shi ya faɗi abin da yake so.

Sadiya_K:
Allah ya ƙara sani, Malam. Masassaƙan fa, zuwa Sidon suka yi ko an yi aikin can ne aka ɗauko a jirgin ruwa? Don wannan dutse ba ƙaramin nauyi gare shi ba.