Yarona yana juya b da d, an ce zai maimaita aji

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, tun jiya na kasa cin abinci. Bara aka yi wa maigida canjin wurin aiki daga Zariya zuwa Kano, muka sauka gidan Hajiyarsu kafin mu samu haya, har yau ba mu samu ba, don kuɗin da muka tara sun tafi a jinyar ƙanwata. A Zariya yarona yana wata nazare kusa da gida, ba wanda ya taɓa kawo min ƙorafi. Da muka zo nan Hajiya ta ce sai dai a sa shi inda sauran jikokinta suke, ga tsada ga nisa, adaidaita biyu nake hawa in zan je. Jiya malamarsa ta kira ni ta buɗe min littafinsa. An ce ya rubuta b shafi guda, rabi duk d ya yi, ta bi ta zagaye su da jan biro har takardar ta huje. Baba ma dada ya rubuta. Ta ce in bai gyara kafin ƙarshen zango ba zai maimaita. Da dare na sa shi ya cika shafi biyu, yana kuka ina kuka, da safe ya sake juyawa. Ido ne ko ƙwaƙwalwa?

Anti Malama: Wa alaikumus salam. Shekarunsa nawa? Yana zuwa allo? Da wane hannu yake rubutu?

Maman Abba: Biyar da wata huɗu, Anti. Yana zuwa allo da yamma. Bahago ne, amma mun kusa gyara shi.

Anti Malama: To ki kwantar da hankalinki ƙanwata, na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya, wannan kullum muke gani, kuma yawanci yana barin yaro da kansa wajen shekara 7. Ki ɗauki buta ki juya bakinta hagu, ki juya shi dama, buta ce dai. Haka yaro ya saba ganin komai tun yana rarrafe. Sai ga boko ta ce masa sanda da da'ira in sun kalli nan b ne, in sun kalli can d ne. Ga shi da safe yana farawa daga hagu, da yamma a allo daga dama. Ki daina haɗa masa su rana ɗaya. Ki ɗauki b kaɗai mako guda. Ki zuba yashi a faranti ya zana da yatsa: sanda daga sama zuwa ƙasa, sannan tumbi a gaba. Sautin za ki riƙa faɗa masa, da kalmomin da ya sani, baki, buta, biri. Sai ta zauna masa sannan d, ita kuma da da'ira ake farawa, kamar za a yi a, sannan a ja sanda, ki ce masa ta goya ɗa a baya. Kada ki taɓa ɓ da ɗ tukuna, lanƙwasa sai gindin ya kafu. Minti goma ya isa. Amma maganar hannu, ku bar shi da hagunsa.

Maman Abba: Anti ai ba dukansa muke ba, Hajiya ce kawai take mayar masa da fensir dama in ta gani. A gidanta muke, ba zan iya ce mata ta bari ba. Kuma ya fara sabawa.

Maman Ummi: Ni abin da ya tsaya min huda takardar nan. Haka aka yi wa 'yata, kuɗin littafi, kuɗin wasanni, kuɗin bikin yaye ɗalibai a nazare fa, amma yara fiye da arba'in a hannun malama ɗaya. Da na yi magana sai aka ce min ƙofa a buɗe take. Ki cire shi kawai.

Baban Sadiq: Shawarata a dakatar da allon zango ɗaya har hannunsa ya zauna a boko. Taura biyu ba ta taunuwa.

Hajiya Inna: Haba ɗana, a dakatar da karatun Alƙur'ani saboda b? Mu da muka yi babbaƙu da farfaru, muka wanke allo muka je firamare, wa ya rikice? Ba da ta da sa ai ɗigo ne kawai ya raba su, kuma muka iya. 'Yata, ki nemo mai lesin ya tsare shi kullum, yaro sai da matsi.

Anti Malama: Hajiya, da girmanki, matsin ne ya sa shi kuka jiya. Baban Sadiq, ba sai an cire shi ba, a sa masa ɗigon kore a gefen hagu na shafi ya san daga nan ake tashi. Maman Abba, ki sake saurarata: cin abinci da dama daban, riƙon fensir daban. Yaron da ake canja wa hannu kullum, ina zai gane gaba da baya?

Maman Nana, Maraɗi: Mu nan rubutun haɗe ake fara koya musu irin na Faransa, da alli a ƙaramin allo. A haɗe b da d ba su yi kama ba ko kaɗan, b maɗauki gare ta a sama. Ki gwada masa.

Anti Malama: A'a, kada ki ƙara masa na uku. In ya wuce bakwai zuwa takwas yana haka, ga wahalar haɗa sauti, sannan a nemi masana. Awon ido kuwa ba laifi ko yanzu.

Maman Abba: Na gode muku duka, Allah Ya saka. Cire shi ba zai yiwu ba, an riga an biya na zango. Yashin ma Hajiya ba ta son a ɓata mata tsakar gida. Ni dai ina ganin da ya ƙara cika shafi zai iya, don ɗan facalata haka aka yi masa. Na sayo sabon littafi ɗazu. Akwai wadda ta san mai lesin a wajen Hotoro?