Hita ta narkar min da ekstenshan, ku ba ni shawara

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya na jona hitar ɗumama ɗaki a ekstenshan, can sai na ji ƙaurin roba. Ina dubawa, bakin ramin ya yi baƙi ya narke, filogin kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Yara na barci a ɗakin, wallahi har yanzu gabana faɗuwa yake. Hitar ce ta lalace?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara tsarewa. Duba bayanta, wat nawa aka rubuta?

Maman 'Yan Biyu: 2000.

Injiniya: To ba lallai laifinta ba ne. Wat 2000 a wuta mai bolt 230 kusan amp 9 take ja, kuma ba hutu. Siririyar wayar ƙaramin ekstenshan ba ta ɗaukar wannan, sai ta yi ta zafi har roba ta narke. Ki jona ta a soket ɗin bango, ita kaɗai. Bayan minti 20 ki taɓa filogin. Idan ɗumi-ɗumi ne ba komai, idan yana ƙona hannu, soket ya saki, a kira mai gyaran wuta. Filogin jiya ma a canza shi. Kuma kada waya ta bi ƙarƙashin kafet.

Hajiya Babba: 'Yata, ki bar tazarar mita ɗaya tsakaninta da labule, katifa da bargo, a ƙasa za ki ajiye ta, ba kan kujera ba. Na taɓa ɗora mata rigar jikana don ta bushe, kafin in dawo wuyan rigar ya yi ja, yana hayaƙi. Ban sake ba.

Kawu: Ɗakin yara, ni hita mai mai a ciki nake so. Tana jinkirin ɗumama ɗaki, amma ba ƙarfen da ke yin ja don zafi a fili, kuma ko an kashe ta ɗumin yana daɗewa.

Anti: Mai fanka kuma ƙura ce matsalarta, tana toshe ramukan iska. Cire filogi, bari ta huce, ki bi ramukan da busasshen buroshi. Ban da ruwa, ban da kai ta banɗaki.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai. In bar ta kunne har safe?

Injiniya: A'a ƙanwata. Ki ɗumama ɗakin kafin su kwanta, ki kashe, ki zare. Awa 5 kaɗai yunit 10 za ta iya ci. Gwada wannan: tana aiki, ki ɗan karkata ta. Mai makunnin kariya nan take take mutuwa.

Maman 'Yan Biyu: Na karkata ta yanzu, ba ta mutu ba.

Injiniya: To ki fitar da ita daga ɗakin yara tun yau, har a samu mai kashe kanta in ta faɗi.