Zarto ba murfi ya cinye yatsun ƙanina, wa ke da alhaki?

Abu_Sadiq: Salam 'yan uwa, dan Allah masu sanin doka ku taimaka min. Ƙanina ne ke aiki a wani kamfanin katako, injin zarton da yake kai an cire masa murfin kariya tun watannin baya wai yana rage musu sauri, to satin da ya wuce katako ya goce masa hannu ya faɗa kan zarton, yatsu biyu suka tafi. Manajan cewa yake sakacinsa ne, kuɗin ɗinki kawai suka biya suka yi gum. Yana da haƙƙin diyya ko shikenan?

Bakanike77: Subhanallah, Allah ya ba shi lafiya. Malam kar ku yarda da zancen sakacin nan, ai dama saboda ɗan adam yana gajiya hankalinsa ya ɗauke ake sa murfin, in kowa ba ya kuskure me za a yi da shi? Kafin komai ku ɗau hoton injin yadda yake, don wlh na sha gani, ana jin ciwo yau gobe da safe ka tarar an mayar da murfi kamar ba a taɓa cirewa ba.

Maman_Iman: Amin. Yaya, yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO mai lamba 119 ta 1963 ta ɗora nauyin rufe sassan inji masu haɗari a wuyan mai kamfani, ta kuma hana a sa ma'aikaci aiki da injin da ba kariya. A Ingila ma akwai shari'ar Frost ta 1955, dutsen wasa ƙarfe ya ji wa wani ma'aikaci mai suna Frost ciwo a babban yatsa, kamfanin ya ce in aka rufe dutsen gaba ɗaya ba zai yi aiki ba, alƙalai suka ce wannan ba uzuri ba ne. Kuma hanya biyu ce, akwai diyyar inshorar ma'aikata da a ƙasashe da dama ake biya ba tare da neman mai laifi ba (Jamus ta fara tun 1884), sai ƙarar kotu. A wasu ƙasashen in ka karɓi ta farko ƙofar ta biyun ta rufe, shi ya sa kar ya sa hannu a kowace takarda sai lauya ya karanta.

Dan_Gaskiya: Ni tambayata ɗaya, wa ya cire murfin? In shi ya kwance da hannunsa kotu na iya zaftare diyyar gwargwadon laifinsa fa.

Abu_Sadiq: Sufabaiza ne ya sa aka cire, su huɗu ke aiki a kan injin duk sun sani.

Maman_Iman: To ku rubuta abin da ukun suka gani yanzu-yanzu kafin tsoron kora ya rufe musu baki, ku haɗa da rahoton likita, kuma ku hanzarta don shigar da ƙorafi yana da wa'adi.