Tsohon gida a bakin kanal ɗin Rochdale: in saya ko in haƙura?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma a gaya min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Shekarata bakwai ina aikin asibiti a yankin Halifax, tun zuwanmu Ingila a gidan haya muke. Yanzu mun tara abin da zai isa kafin alƙalami, sai ga wani gida tsakanin Mytholmroyd da Hebden Bridge ya kwanta min a rai. Na dutse ne, hawa uku, daga ƙofar baya zuwa bakin ruwa bai fi taku goma ba. Kanal ɗin da hannu aka haƙa shi, aka buɗe a 1804 domin jiragen ruwa su riƙa jigilar ulu da auduga da kwal tsakanin Manchester da Sowerby Bridge, kuma dillali ya ce gidan kusan sa'ansa ne.

Gidan masaƙa ne. A hawan ƙarshe akwai tagogi shida a jere, ginshiƙin dutse tsakanin kowace da 'yar'uwarta, an yi su haka ne don mai saƙa ya samu haske har yamma. Na tsaya a ɗakin da la'asar, hasken ruwa yana rawa a jikin rufi, wani siririn jirgi kore ya wuce a hankali, mai tafiya a ƙasa ma zai iya cim masa. Kakana masaƙi ne a Zariya, a zaurensa na tashi. Na daɗe a tsaye ban ce komai ba, har dillali ya tambaye ni ko lafiya.

Ga abin da ke hana ni barci. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana warin raɓa, fentin bangon falo kuma ya kumbura daga ƙasa zuwa gwiwa. Gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, mataki na biyu. Fam dubu 295 ake nema, kuma da kuɗin nan zan samu sabon gini a kan tudu har da gareji. Uwargida ta ce ita ruwan take tsoro, ƙaraminmu shekararsa uku.

Baffan Bradford:

Wa alaikumus salam ƙanena. Aikin gini na yi har na yi ritaya, don haka ta bango zan fara.

Ka koma ka dubi tsakanin duwatsun daga waje. In abin da aka cike da shi toka-toka ne mai tauri, har ya ɗan taso sama da dutsen, to siminti ne, kuma mai yiwuwa shi ne tushen raɓar nan. Da farar ƙasa aka gina irin gidajen nan, bangon yana shan ruwa yana kuma fitar da shi ta wannan tsakanin. In aka toshe da siminti, ruwan ya rasa hanya sai ya ɓullo ta ciki, dutsen kuma ya riƙa ɓarewa in sanyi ya daskarar da shi. Kai da ka fito daga Zariya ka san abin. Gidajen ƙasa nawa aka yi wa filastar siminti a cikin birni, bayan 'yan damuna ta ɓamɓaro da rabin katanga? Magabata laso da makuba suke sa wa, don sun san halin ƙasa. Ciwon ɗaya ne, kuma yana da magani: a kankare simintin, a mayar da farar ƙasa. Akwai tsada, amma ana yi.

Rajistar ita ce za ka yi wa karatun ta-natsu. Taga, ƙofa, murhu, har bangon ciki, ba ka canza su sai da izinin ƙaramar hukumar Calderdale. Kuma in mai gidan na baya ya yi wani aiki ba izini, kai da ka saya za a iya tilasta wa ka mayar yadda yake, komai daɗewar aikin. Lauyanka ya nemi takardar kowane gyara. Kada ka tsaya ga kimar da banki zai aiko a yi, ka biya mai duba gini ɗan ƙungiyar RICS ya yi maka cikakken bincike, mataki na uku, kuma ya zama wanda ya saba da tsohon dutse. Ka kuma tambayi wa ke da katangar da ta raba tsakar gidan da hanyar bakin ruwa, kai ne ko Canal & River Trust, ƙungiyar da ke kula da kanal ɗin. In ta zube, amsar nan ce za ta nuna aljihun da za a taɓa.

Maman 'Yan Biyu:

Malam, Baffa ya gama da bango, ni ruwa zan yi maka magana a kai, don na gani da idona. A Mytholmroyd muke haya ranar 26 ga Disamba 2015. Jiniya ta tashe mu da safe, kafin azahar ruwa ya haye matakala ta uku, muna sama da yara muna kallon firij yana yawo a kicin. Kanal shi kaɗai ba ya cika yin ɓarna, da ƙofofinsa da wuraren zubar da rarar ruwa. Kogin Calder da ke gefensa ne abin tsoro. Kwarin ƙunci ne, ruwan tsaunuka yana gangarowa lokaci guda, ran nan ba ka bambance kogi da kanal da titi. A Fabrairun 2020 an sake yi, amma mu mun riga mun tashi.

Ka sa lambar gidan a taswirar ambaliya ta gwamnati, sannan ka ƙwanƙwasa wa maƙwabta. A garuruwan nan gida biyu a layi ɗaya, wannan ya sha ruwa wancan ko ƙofarsa bai jiƙe ba. Ka dubi inda aka sa sokat a falon. In sun kai tsayin ƙugu, mai yiwuwa an taɓa yin ambaliya a gidan.

Maganar uwargidanka kuma kada ka ɗauke ta da wasa. Ita ce za ta wuni da yaron.

Abu Sumayya:

Ƙari kaɗan, yaya. Kafin ka yi tayi, ka nemi farashin inshora da adireshin gidan. Akwai tsarin Flood Re da aka fara a 2016, yana sauƙaƙa inshorar ambaliya ga gidajen da aka gina kafin 2009, naka ya shiga. Amma a 2039 aka tsara zai ƙare, kuma wanda zai saya a hannunka wata rana zai yi wannan lissafin. In ta bankin Musulunci za ka bi don guje wa riba, ka kai musu bayanin gidan tun yanzu, su ma sai kimar ta gamsar da su.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan aiki na koma. Baffa, siminti ne, na sa makulli na gwada, ko gezau. Hajiya, sokat ɗin falo a ƙasa suke, kuma tsohuwar da ke maƙwabtaka ta ce a 2015 ruwa ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na layin, amma bai hau daɓen falo ba. Ta nuna min famfon tsotse ruwa da ta sa a nata.

Na kira mai duba gini, zai zo Alhamis ta sama. In ya ce katakon rufi lafiya lau, zan taya ƙasa da abin da suka nema, in cire kuɗin kankare simintin da na shinge mai kulle a tsakar gida, in har hukuma za ta amince da shingen. Uwargida ta yarda za ta zo ranar, ta ce da kanta za ta ƙirga takun nan goma.