Warin tusa a ɗaki yana sa yaro ciwo?

Maman yara, Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah tambaya ce da gaske kar a ɗauke ta wasa. Ɗaki ɗaya muke kwana ni da yarana huɗu, duk daren da aka ci waakye (shinkafa da wake) ko gari da wake ɗakin baya shiguwa, wlh har bargo sai ya ɗauki warin. To yau kwana uku autana yana tashi da ciwon kai, jiya har da amai. Surukata ta ce tusar yayyensa yake shaƙa cikin barci. Akwai wanda ya taɓa ganin haka? hankalina ya tashi

Direban trotro, Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na daɗe ina jan motar haya Kejetia zuwa Tafo a nan Kumasi, in ruwa ya sauko aka rufe gilasai ba irin iskar da ban shaƙa ba, tashin zuciya dai na ɗan lokaci, in ce wa yaron mota ya zuge gilashi shikenan. Bata taɓa kwantar da ni ba. Allah ya ba yaro lafiya.

Anti nas, Tafo Zongo:
'Yar uwa ba tusa bace. Mutum mai lafiya yana sakin iska wajen sau 10 zuwa 20 a rana, kusan dukkanta ma bata da wari, abin da ke warin ɗan kaɗan ne da bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sinadarin da ake kira haidurojin salfaid, shi ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙwayoyin cikin hanji ne ke yin sa in suna cin abin da ciki bai narkar ba, shi yasa wake da kabeji da albasa da ƙwai ke ƙara abin, wasu kuma madara. Wanda ke fitowa daga cikin yaro bai isa ya yi wa kowa lahani ba. Amma amsa min, kuna rufe taga ruf? Kuna shigo da kurfoti, wato murhun gawayi, ɗaki?

Baba mai gyaran famfo, Sawaba:
Gaskiya Anti ta faɗa, amma bari in ƙara don matasa su ji. Wannan iskar dai in ta taru a ramin salga ko sokawe kisa take, da idona na gani. Wani yaron aikina ya sauka ramin wani gida zai buɗe fayif, yana taka tsani yana min magana, ya ce Baba warin ma ya tafi, bai rufe baki ba sai na ga ƙafarsa ta saki. Allah ya taimaka mun ɗaura masa igiya a ƙugu, mu uku muka jawo shi idonsa a kafe, sai a asibiti ya farfaɗo. Likita ya ce in iskar ta yi yawa hanci ne ke daina jinta, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi shi yasa take kwanciya a ƙasan rami. Har yau in na tuna yadda silifas ɗinsa ɗaya ya rage a ciki jikina sanyi yake. Dan Allah in wani ya faɗi a rami kar ka bi shi ciki, haka ake rasa mutum biyu uku lokaci guda.

Ɗalibi, jami'ar KNUST:
Ni kuma a Facebook na ga wai shaƙar tusa tana maganin ciwon daji (kansa), ashe binciken jami'ar Exeter ta Ingila ne na 2014 aka juya, su wani magani suka haɗa suka gwada a ɗakin gwaji, ba su ce kowa ya shaƙi komai ba.

Maman yara, Aboabo:
Innalillahi Baba, Allah ya kiyaye gaba. Anti eh, tunda hunturun nan ya shigo nake shigo da kurfoti da sauran garwashi bayan na gama tuwo don ɗakin ya yi ɗumi, tagar kuma na toshe ta da kwali saboda ƙura da sauro. Katifar autan ce ma kusa da shi.

Anti nas, Tafo Zongo:
Subhanallah! To shi nake tsoro. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba da bata da wari ko kaɗan, ciwon kai da jiri da amai su ne alamunta na farko, kuma tana kashe mutane cikin barci. Daga daren yau kurfotin ya kwana a tsakar gida, ki cire kwalin ki sa raga, a ƙara wa yara bargo. Ki kai autan asibiti yau ɗin nan kar ki bari sai gobe, ki gaya musu maganar garwashin da bakinki, in ya fara layi ko barcin da baya tasuwa ku wuce babban asibitin Komfo Anokye kai tsaye. Sauran ukun fa, su ba wanda ya ce kansa na ciwo?

Maman yara, Aboabo:
Babbar ta faɗa shekaranjiya na ce ko yunwa ce. Yanzu na fitar da kurfotin, bari in sa hijabi mu tafi dukkanmu